Ran Batirin Litiyam a Fatarsa Yake

Babu batirin litiyam da ke barin masana'anta da cikakken ƙarfin da aka zuba masa. Bayan an naɗe shi, an ɗura masa ruwa, an liƙe bakinsa, ba a kai shi kasuwa nan take. Sai an jera shi da dubban 'yan'uwansa a kan kantoci, a yi masa caji a hankali, a sauke, a bar shi ya huta a ɗaki mai ɗumi. Aikin kan ci kwanaki, wani lokaci har makonni. A cajin farkon nan kaɗai batirin kan yi asarar kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na litiyam ɗinsa, asarar da ba ta dawowa. Masu masana'anta sun san da ita, sun kuma yarda, domin litiyam ɗin da ya salwanta shi ne ke zama wani siririn ɓawo a cikin batirin, kuma in babu wannan ɓawon batirin ba zai je ko'ina ba.

Abin da ke cikin batirin waya ba shi da wani kwarjini. Dogayen fallaye biyu ne aka naɗe tare. Ɗaya na alminiyam ne, an shafe shi da baƙin gari mai ɗauke da litiyam da wani ƙarfe, kobalt ko nikel ko manganiz ko baƙin ƙarfe. Shi ake kira katod. Ɗayan na tagulla ne, an shafe shi da girafait, irin abin da ke tsakiyar fensir. Shi ne anod. Tsakaninsu akwai wata 'yar leda mai ƙananan ƙofofi, ba ta kai kaurin silin gashi ba, aikinta ta hana fallayen biyu taɓa juna. Duka an jiƙe su da ruwan batir, wanda ba irin na batirin mota ba ne. Man sinadari ne mai kama wuta, an narkar da gishirin litiyam a ciki.

Idan aka sa caji, ƙwayoyin litiyam su bar katod, su ratsa ruwan, su bi ta ƙofofin ledar, su shige cikin girafait su zauna. Idan ana amfani da wayar, su juyo gida. Da iyakar abin da ke faruwa ke nan, da batir bai san tsufa ba. Matsalar ita ce ruwan nan ba ya jituwa da ko ɗaya daga cikin fallayen. Girafait da ya cika da caji yana tura masa ilektaron, sai ya tarwatse. Katod kuma idan caji ya yi sama yana fizge ilektaron daga jikinsa, nan ma ya tarwatse. Mafi yawan tsufan batir a wannan iyakar yake faruwa, inda gari ya haɗu da ruwa, wurin da kaurinsa bai wuce 'yan nanomita ba. Silin gashin kai guda yakan kai nanomita dubu 50 zuwa dubu 100.

Emanuel Peled na Jami'ar Tel Aviv ne ya bayyana, a 1979, dalilin da ya sa ɓarnar ba ta cinye batir gaba ɗaya. Tarkacen ruwan da ya tarwatse ba ya watsewa, manne wa jikin anod yake yi ya daskare. Idan ɓawon da ya samu mai kyau ne, litiyam na ratsa shi amma ilektaron ba ya ratsawa. Da zarar ya rufe ko'ina, ruwan ya daina samun abin da ke tarwatsa shi, ɓarnar ta lafa. Masana na kiran ɓawon SEI. An daɗe ana kasa amfani da girafait saboda ruwan da ake da shi a da ba ya yin ɓawon kirki, sai ya kutsa tare da litiyam ya ɗaɗɗaye girafait ɗin. A 1990 Rosamaria Fong da Ulrich von Sacken da Jeff Dahn a Kanada suka nuna cewa in aka haɗa da wani ruwan mai suna etilin kabonet, ɓawon na kamawa, girafait ya zauna lafiya. Batirin da Sony ya fara sayarwa a 1991 ma da wani nau'in gawayi aka yi anod ɗinsa. Daga baya ne masana'antu suka koma girafait.

Sai dai ɓarnar lafawa take yi, ba ta tsayawa. Duk lokacin da litiyam ya shiga girafait, girafait kan kumbura da kusan kashi 10 cikin ɗari, ya saɓe idan ya fita. Ɓawon ya tsage, sabuwar fuska ta buɗe, ruwa ya taɓa ta, sabon ɓawo ya tsiro, kuma da litiyam ake biyan kowane faci. A hankali litiyam mai kai da kawowa na raguwa, ɓawon na ƙara kauri, hanya na ƙara tsauri. Abin da mai waya ke nufi ke nan idan ya ce batirinsa ya daina riƙe caji. Wani ɓangare na ruwan da ya tarwatse kuma iska yake zama, ta rasa mafita, sai ka ga bayan waya ya ɗago ko gilashi ya ɓalle. Zafi na hanzarta wannan duka, haka ma barin batir a cike taf na dogon lokaci. Batirin da aka ajiye a cike a ɗaki mai zafi tsufa yake yi ko ba a taɓa shi ba.

A ɓangaren katod cutar daban ce. Gishirin da ke cikin ruwan batir ba ya shiri da danshi; ɗan kaɗan ya isa ya haifar da asid mai cin ƙarfe da ake kira HF, shi ya sa ake haɗa batir a ɗakunan da aka busar da iskarsu fiye da ta hamada. Asid ɗin na lasar fuskar katod, ƙarfen da ke ciki ya narke cikin ruwa. Manganiz ya fi saura saurin narkewa, kuma ba ya tsayawa nan, sai ya tsallaka ya sauka a kan ɓawon anod ya lalata shi. Ban da haka, idan aka kwashe litiyam da yawa daga katod, fuskarsa na fara sakin iskar oksijin, ƙirarta ta rushe ta koma wadda litiyam ke shan wuya kafin ya ratsa.

Mazaunin ƙasa mai zafi ya kamata ya san labarin motar Nissan Leaf. Ta fito a ƙarshen 2010 da batir mai yawan manganiz, ba tare da na'urar sanyaya shi ba. Zuwa 2012 masu ita a birnin Phoenix na jihar Arizona a Amurka suka fara kokawa cewa tafiyar da motar ke yi da caji ɗaya ta ragu sosai cikin shekara ɗaya zuwa biyu, alhali irinta a garuruwa masu sanyi ba ta nuna haka ba. Kamfanin ya ƙare da ba da garanti kan raguwar ƙarfin batir, daga baya ya sauya haɗin don ya jure zafi. Zafin Phoenix a Yuli, wanda ke wuce digiri 40, tsaran na Sakkwato da Yamai da Maiduguri ne a Afrilu.

Daga irin waɗannan matsaloli tunani ya zo cewa maimakon a bar batir ya yi wa kansa ɓawo yadda ya ga dama, a yi masa shafe tun daga masana'anta. Maginin ƙasa ya san damina ba daga tsakiya take cin katanga ba, daga fuska take farawa, shi ya sa ake bin ta da makuba. Amma magini so yake kada komai ya shiga. Mai batir kuwa yana neman shafen da zai tare ruwa da gubarsa, ya kuma bar litiyam ya shiga ya fita sau dubbai. Wahalar aikin duka a nan take.

Sinadarin katod da John Goodenough ya gano a Jami'ar Oxford a 1980, haɗin litiyam da kobalt da oksijin, shi ne har yau a cikin yawancin wayoyi. A lissafi giram ɗaya na iya ba da mAh 274, ma'aunin nan da ake rubutawa a jikin fawa bank. Amma shekara da shekaru wajen 140 aka riƙa samu, domin a lokacin ba a yarda caji ya wuce bolt 4.2 ba. In aka wuce, batirin ya mutu da wuri. Rabin abin da aka saya na kwance ba dama a taɓa.

A 2000 da 2001 Jaephil Cho da Yong Jeong Kim da Byungwoo Park a Koriya ta Kudu suka wallafa sakamakon da ya ja hankalin masu wannan fage. Sun jiƙa garin katod da ruwan sinadari, suka gasa, kowace ƙwayar gari ta samu siririn lulluɓi na alumina, wato haɗin alminiyam da oksijin, ko na zirkoniya. Da wannan batirin ya jure bolt 4.4 ba tare da saurin lalacewa ba. Bayaninsu shi ne lulluɓin mai tauri yana ɗaure ƙwayar, yana hana ta kumbura da tsukewa.

Bayanin ya yi daɗin ji, amma Jeff Dahn, wanda a lokacin yake Jami'ar Dalhousie da ke Halifax, da ɗalibinsa Zhaohui Chen ba su gamsu ba. Suka haska batirin da eksire yana cikin caji, suka ga ƙwayar da aka lulluɓe tana kumbura daidai da wadda ba a lulluɓe ba. Sannan suka yi gwajin da ya kamata a ce an yi tun farko: suka ɗauki gari tsirara, ba su shafa masa komai ba, suka gasa shi kawai a zafin ɗaruruwan digiri. Sai ga shi ya inganta kusan kamar mai lulluɓi. Ashe garin kan sha danshi da iska tun yana ajiye, datti ya taru a fuskarsa, kuma gashin da ake yi wajen shafe yana kawar da wannan dattin. Wani kaso na yabon da lulluɓi ya sha, na wutar gashi ne.

Wannan bai rushe amfanin shafe ba, ya dai mayar da shi matsayinsa. Abu mai kaurin 'yan nanomita ba zai ɗaure ƙwayar da ta ninka shi sau ɗaruruwa ba. Aikinsa na sinadari ne. Yana raba ruwa da fuskar kobalt ko nikel, wadda ita ce ke zuga ruwan ya tarwatse. Yana kuma shanye asid: idan HF ya taso, alumina ce ke fara karɓarsa, ta rikiɗe ta zama wani sinadarin da ba ya narkewa da sauƙi, katod ya tsira. A ganina wannan taƙaddama ta Koriya da Kanada ta fi sakamakon kansa amfani, domin ta kafa tambayar da ya kamata a yi wa duk mai da'awar sabon shafe: ka gwada da garin da ya sha irin wankin da gashin, amma ba a shafa masa komai ba?

Sai batun kauri. Alumina ba ta wuce da wuta. In ta yi kauri ta toshe batirin, in ta yi rarraba ta bar ƙofofi. Hanyar da ta fi kowacce iya sarrafa wannan ba daga masu batir ta fito ba. Tuomo Suntola ne ya ƙirƙiro ta a ƙasar Finland a 1974 don yin allon nuna hoto, daga baya masu ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta suka runguma. Ana kiranta ALD. Ana sa garin a tukunyar da aka zuƙe wa iska, a sako tururin wani sinadari mai alminiyam. Tururin ya manne ko'ina, layi ɗaya tak na ƙwayoyin zarra, daga nan ya daina kamawa don babu sauran wuri. A kore ragowar, a sako tururin ruwa, ya haɗu da layin farko ya mayar da shi alumina. Kowane zagaye na ƙara kusan kashi ɗaya cikin goma na nanomita, kuma yana shiga kowane lungu.

A 2010 masu bincike a Jami'ar Colorado da ke Boulder, cikinsu har da Steven George da Se-Hee Lee, suka gwada ta a kan garin kobalt. Zagaye biyu kacal suka yi. Bayan caji da saukewa sau 120 har zuwa bolt 4.5, garin da aka lulluɓe ya riƙe kashi 89 cikin ɗari na ƙarfinsa, wanda ba a lulluɓe ba ya riƙe kashi 45. Da suka ƙara yawan zagayen, sai ƙarfin ya ragu. Lulluɓin da bai kai rabin nanomita ba, ya kusan ninka abin da batir ya riƙe, ƙarin kaɗan kuma ya fara shaƙe shi.

Masana'antar da ke sarrafa tan-tan na gari a kullum ba ta cika son tukunya mai tsada da jinkiri ba. Akwai kamfanoni irin su Forge Nano a Colorado da ke ƙera injinan ALD na gari, amma mafi yawan shafen da ke kasuwa da hanya mai araha ake yinsa: a gauraya garin da sinadarin shafe, a jiƙe ko a bushe, a mayar tanda. Kowane kamfani na ɓoye haɗinsa.

To ina ribar ta tafi? Duk wanda ya ga batirin waya na zamani a hannun mai gyara, ya duba rubutun jikinsa. Inda tsofaffin Nokia ke ɗauke da 3.7V da iyakar caji 4.2V, na yanzu za a ga 3.85V ko fiye, iyakar caji kuma 4.4V ko 4.45V. Shafe, da ɗan barbaɗen alminiyam ko magniziyam ko titaniyam da ake sawa cikin ƙwayar, su suka buɗe wannan hanya. Ma'ana, sararin da kimiyya ta samar don batir ya daɗe, masu waya sun kashe shi wajen cusa ƙarin caji a siririn jiki. Ba na ganin laifinsu sosai, mai saye sirantaka da yawan mAh yake tambaya. Amma shi ya sa wayar yau ba ta fi ta jiya tsawon ran batir yadda ake zato ba, shi ya sa kuma Apple da Samsung suka sa wurin da mutum zai tsayar da caji a kashi 80 ko 85. Da ka kunna shi, ka mayar da batirin ƙasa da inda ruwan ke saurin tarwatsewa.

Akwai sinadarin da shafe ne ya raya shi daga mutuwa. A 1997 Goodenough da ɗalibinsa Akshaya Padhi, a Jami'ar Texas da ke Austin, suka fito da katod na litiyam da baƙin ƙarfe da fosfet. Ba kobalt, ba nikel, ga araha, ga shi oksijin ɗinsa a ɗaure yake tamau da fosfaras, ba ya sakinsa da sauƙi ko ya yi zafi. Illarsa guda: wuta ba ta bi ta cikinsa, kusan kamar dutse. A 1999 Nathalie Ravet da Michel Armand a Montreal suka nuna cewa in aka gauraya garin da wani abu mai gawayi a jikinsa, aka gasa ba tare da iska ba, kowace ƙwaya na samun siririyar fatar gawayi da wuta ke bi. Masana'antu a yau sukari suke yawan amfani da shi. Wannan shi ne LiFePO4 da ake gani a jikin batiran sola a shagunan Kano da Kaduna da Maraɗi, shi ne kuma a motocin lantarki masu yawa na China. Manyan haƙƙoƙin mallakar fasahar sun ƙare a 2022.

Inda shafe ke gazawa a fili shi ne katod mai yawan nikel, wanda masu motoci ke so don tafiya mai nisa. Kowace ƙwayar garinsa dunƙule ce ta ƙananan ƙwayoyi masu yawa. Wajen caji kowacce na tsukewa ta fuskarta daban, dunƙulen ya tsattsage daga ciki, ruwa ya bi tsagar ya iske fuskokin da shafe bai taɓa kaiwa ba. Yang-Kook Sun na Jami'ar Hanyang a Seoul ya bi ta wata hanya: a 2005 ya yi ƙwaya mai nikel a ciki da harsashi mai manganiz a waje, a 2009 kuma, tare da Khalil Amine na ɗakin binciken Argonne a Amurka, ya yi wadda nikel ɗinta ke raguwa a hankali daga ciki zuwa waje. Wasu suka ce a daina dunƙule gaba ɗaya, a yi kowace ƙwaya guda ɗaya curi. Da irin wannan garin, haɗe da ruwan da aka zaɓa da kyau, Dahn da mutanensa suka wallafa a 2019 batirin da suka ƙiyasta zai iya jan mota kilomita miliyan 1.6.

A ɓangaren anod, girafait ɗin da aka haƙo daga ƙasa sai an mulmula shi an lulluɓe da kwalta an gasa kafin ya shiga batir. Silikon kuwa, wanda ke iya ɗaukar litiyam kusan ninki goma na girafait, kumburinsa ya kai kashi 300 cikin ɗari, babu ɓawon da ke jure wannan. Yi Cui na Jami'ar Stanford ya nuna a 2012 cewa za a iya sa ƙwayar silikon cikin ƙoƙon gawayi mai sarari, ta kumbura a ciki, ɓawon ya tsiro a bayan ƙoƙon da ba ya motsi. Wayoyin China da ake tallatawa da batirin silikon da gawayi kan makamancin wannan tunani suke, kuma silikon ɗin kaso kaɗan ne. Shafen da ya fi kowanne araha ma ba shafawa ake yi ba: ana ɗiga wasu sinadarai, kashi 1 ko 2 cikin ɗari, a ruwan batir, su riga ruwan tarwatsewa a cajin farko, su gina ɓawo mai inganci.

Batun gobara ya fi buƙatar a yi magana a tsanake, domin a nan ne talla ta fi wuce gona da iri. Wutar batir hawa-hawa take zuwa. Tsakanin digiri 80 da 120 ɓawon anod ya fara rushewa, girafait mai caji ya haɗu da ruwa, zafi ya ƙaru. Wajen digiri 130 zuwa 135 ledar tsakiya ta fara narkewa tana tsukewa, fallayen biyu su taɓa juna. Gaba kaɗan katod ya saki oksijin a tsakiyar man da ke tafasa. Daga nan zafin ke ciyar da kansa, ya wuce digiri 600, ga hayaƙi mai guba. Shafen katod na jinkirta matakin ƙarshe, yana rage zafin da ke fita. Shafen da ya fi tasiri a nan ma ba a kan katod ko anod yake ba, a kan ledar yake. Tun wajen 2004 kamfanin LG Chem ya fara shafa mata garin alumina don kada ta tsuke da zafi, kuma yau haka yawancin manyan batira suke.

Amma a duba manyan gobarar da duniya ta sani. A 2006 an janye batiran laftof na Sony kusan miliyan 10 saboda ɓurɓushin ƙarfe da ya shiga wajen haɗawa. A 2016 Samsung ya janye Galaxy Note 7 miliyan 2.5, ya ba da wasu, su ma suka kama da wuta, ya soke wayar baki ɗaya. Binciken da ya bayyana a Janairun 2017 ya nuna kurakurai biyu daban: a batiran farko jakar ta matse kusurwar naɗin har fallen anod ya lanƙwashe, a na biyun tsinin walda ne ya huda ledar, wasu kuma ba a sa musu tef ɗin kariya ba. Motocin Chevrolet Bolt da aka janye a 2020 da 2021, yagaggen kunnen anod ne da naɗaɗɗiyar leda. Ko ɗaya cikin waɗannan ba shafen nanomita zai hana ba. Da aka dakatar da jiragen Boeing 787 a Janairun 2013 bayan batir ya ƙone a Boston wani kuma ya tilasta saukar gaggawa a Japan, gyaran da ya mayar da su sama ya haɗa da raba ƙwayoyin batir da abin tare zafi, da sa su cikin akwatin ƙarfe mai bututun fitar da hayaƙi waje. Injiniyoyin sun ɗauka cewa wata rana ƙwaya ɗaya za ta gaza, suka yi tanadi.

Masu neman batirin gobe, mai anod na zallar ƙarfen litiyam da busasshen sinadari a madadin ruwa, ba su kuɓuta daga matsalar fuska ba. Zallar litiyam na tsirar da ƙayoyi wajen caji har su huda tsakiya. Abin da ya durƙusar da kamfanin Moli Energy na Kanada ke nan bayan wata waya ta ƙone a Japan a 1989. Busasshen sinadari mai sulfa kuma ba ya zama da katod sai an raba su da lulluɓi, kamar yadda Kazunori Takada da abokan aikinsa a Japan suka nuna a 2006 da 2007.

Saboda haka idan labari ya zo cewa wata jami'a ta gano shafen da ke ninka ran batir, a tambayi girman batirin da aka gwada. Yawanci ɗan mitsitsi ne mai siffar kwabo, an cika shi da ruwa fiye da kima, an ba shi litiyam da ba ya ƙarewa, an juya shi sau ɗari ko ɗari biyu a ɗaki mai sanyi. A irin wannan yanayi cutar da ke kashe batirin gaske, wato ƙarewar litiyam da bushewar ruwa, ba ta bayyana.

Mai sayen batir a ƙasarmu ba zai taɓa ganin lulluɓi da idonsa ba, ba a kuma rubuta shi a kwali. Abin da ke hannunsa kaɗan ne, amma yana da nauyi. Don sola da inbata, LiFePO4 ya fi dacewa da zafinmu, ya fi kuma wuyar kama wuta. Batirin da aka harhaɗa da ƙwayoyin gwanjo da aka ciro daga tsofaffin laftof, aka naɗe da sabuwar leda, ɓawonsa ya riga ya ci rabin ransa, kuma ba mai iya faɗa maka wace ƙwaya ce ta taɓa faɗuwa ko ta sha zafi. Wanda ba shi da ingantaccen allon kula da caji, wato BMS, bai cancanci shiga ɗakin kwana ba. Sannan wurin ajiya: an saba tura batir ɗan ƙaramin sito mai rufin kwano, ba taga, kusa da inbata mai fitar da zafi. A ƙiyasin masana, ƙarin digiri 10 na kusan ninka saurin ɓarnar da ke cin ɓawo. Mai cajin waya a tasha da ke tara wayoyi hamsin a akwati ɗaya ƙarƙashin rana, da mai POS da ke barin na'ura a caji dare da rana, su ma lissafin ya shafe su. Batirin da ya kumbura kuwa ba a huda shi don a fitar da iska, a cire shi a ajiye nesa da abin da ke kama wuta.

Ana haƙo dutsen litiyam a Nasarawa da Kaduna da Kwara, a 2024 ma an buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa. Daga wannan dutse zuwa ƙwayar gari mai lulluɓin nanomita tafiya ce mai nisa, kuma kuɗin yana can ƙarshen tafiyar. Ba na tsammanin za mu kai can nan kusa. Amma akwai aikin da bai fi ƙarfin sassan kimiyya da injiniya na jami'o'inmu na Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai ba, tare da hukumomin kula da ingancin kaya irin su SON: a sayo batiran da ke kasuwa, a sa su a akwatin zafi na digiri 40 zuwa 45, a yi ta cajinsu ana saukewa shekara guda, a buga sakamakon da sunan kowane iri, da Hausa, inda mai shago da mai saye za su gani. Na'urar caji da akwatin zafi da haƙuri kawai aikin ke nema. Kafin a samu wannan, zagaye 6,000 na caji da saukewa da ake rubutawa a jikin kwali lissafin ɗaki mai digiri 25 ne, mai saye a Arewa ya rage masa da kansa.